Ba Yara Ne Ke Gudun Nakasassu Ba, Mu Ne

'Yan uwana Hausawa mazauna Tafa, Sabon Wuse da Suleja. Yau da zafina na zo, sai haƙuri.

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ce makarantun gwamnati su karɓi makaho da kurma da gurgu tare da kowa. To, ta iso gidajenmu kuwa?

Ku leƙa firamare in an tashi tara. Yara na rige-rigen tura keken wanda shan-inna ta kama, kurma kuma ya koya wa abokansa maganar hannu ba da sanin malami ba. Sai yaro ya koma gida uwa ta ce, "Kar in ƙara jin ka ci abinci da mai farfaɗiya, yawunsa na yaɗa ciwon." Wallahi ƙarya ce! Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta. Amma washegari benci ya rabu biyu.

Abin da ya fi ci mini rai, uban da zai cire ɗansa daga aji ya tsugunar da shi bakin titin Abuja zuwa Kaduna, tsakanin tireloli, da ƙoƙon bara. Haba Alhaji! Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ladan ne, kuma Annabi (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa in zai fita yaƙi. An ba makaho amanar gari guda, kai ka kasa bar wa ɗanka gefen benci?