Farin Ɗigo A Idon Ɗan Zomo



Wani ɗalibina ya kawo mini ɗan zomonsa, fari ya fito a ƙwayar idonsa, wai zai ɗiga masa ragowar maganin idon kakarsa. Na hana shi. A ƙananan zomaye, sau da yawa wannan aikin ƙwayar cutar Encephalitozoon cuniculi ne. Ɗa kan ɗauke ta tun yana cikin uwarsa, tana kuma yaɗuwa ta fitsari, takan taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa har wuya ya karkace. Likitan dabbobi ne zai tantance, maganin kan ɗauki kwana 28.

A ganina, wanda ba zai iya jinyar zomo ba, kada ya fara kiwonsa. Dabbar da ka kulle a keji amana ce, kuma za a tambaye ka. Wallahu a'alam.