Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Kano Kan Littattafan Da da Na Zamani

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Ɗakunan Karatu ta Jihar Kano.



Littattafan ƙagaggun labarai na Hausa kashi biyu ne a bakin masu karatu: na da, da na zamani. Na da su ne waɗanda hukumomi da kamfanonin ɗab'i suka buga daga shekarun 1930 zuwa farkon shekarun 1980, galibi a Zariya. Na zamani kuwa su ne waɗanda marubuta suka riƙa bugawa da kuɗin aljihunsu daga tsakiyar shekarun 1980, galibi a Kano, sai kuma 'ya'yansu da ake rubutawa a waya a yau. Mai neman littafi mai kyau yana shan wahala a kowane ɓangare, amma wahalar ba iri ɗaya ba ce. Na da an san nagartarsu, samunsu ne aiki. Na zamani ga su nan birjik, sai dai babu wanda ya zauna ya rairaye tsakuwa daga tsaba. Duka matsalolin biyu na ɗakin karatu ne, shi ya sa wannan takarda ta nufo ofishin Shugaba.

Tushen littattafan da shi ne Hukumar Fassara, wadda aka kafa a 1929, ta zauna a Zariya, daga baya ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East. A 1933 hukumar ta nemi malamai su rubuta labarai da Hausar boko, kuma daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar da suka fito tsakanin 1934 da 1935: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Abin da akan manta shi ne yawancin marubutan nan ba dattawa ba ne a lokacin. An haifi Imam a 1911, wato yana ɗan shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Tafawa Ɓalewa ma bai kai shi shekaru ba. Bayan haka Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939, shekarar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa shi yana editanta na Hausa.

Aikin ya ci gaba ta hannun Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, da kamfanin ɗab'i na NNPC daga 1966. A wannan zango aka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Nagari Na Kowa na Jabiru Abdullahi, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya dubi ƙaurar samari daga ƙauye zuwa birni. A 1980 NNPC ta fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen labari na farko da mace ta buga da Hausa, tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya kuma ta haifar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982. Ƙarshen Alewa Ƙasa ya cancanci a tsaya a kansa, domin akwai bindiga da ƙwaya da kisan kai a cikinsa fiye da yawancin littattafan da aka zo ana zagi daga baya, kuma ƙarfin ginin labarinsa har yau kaɗan ne suka kamo shi.

Sirrin ingancin waɗannan littattafai ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Kowanne ya bi ta hannun edita. An gyara ƙa'idojin rubutunsa, an rage abin da ya yi yawa, an mayar wa marubuci ya sake inda ya yi rauni. Kuma ba su da yawa. A shekara hamsin adadinsu bai kai abin da Kano ta riƙa bugawa a 'yan shekaru kaɗan ba daga baya. Hausarsu cike take da karin magana da barkwanci, musamman ta Imam, wadda mai karatu ke jin ta kamar hira a zaure. Suna da nasu gibin. Mata a cikinsu ba su cika yin magana da bakinsu ba, rayuwar cikin gida kusan ba ta bayyana, kuma an rubuta da yawansu ne domin 'yan makaranta, a ƙarƙashin idon hukuma.

Wannan gibi ne littattafan zamani suka cike. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban yara, musamman 'yan mata, da suka iya karanta Hausar boko. Da suka girma sai tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada bayan 1986, kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta kawai. Masu karatu sun samu, abin karantawa babu. Sai matasa suka ɗauki alƙalami, suka kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u, suka ba 'yan kasuwa a Sabon Gari su sayar. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kwikwiyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni. Ƙungiyar Raina Kama ta haɗa da yawa daga cikinsu, kuma sunan da kansa martani ne ga masu raini. Shagunan hayar littafi suka buɗe a unguwanni, gidajen rediyo suka riƙa karanta labaran, wasu aka mayar da su fim.

Muhawara ta biyo baya a jaridu cikin shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin yayi ne mai wucewa. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka kare su. Zargi uku aka fi nanatawa: soyayya ta yi musu yawa, suna kwaikwayon finafinan Indiya, kuma Hausarsu ba ta da ƙa'ida.

Na uku gaskiya ne ga da yawansu. Littafin da bai ga edita ba dole a same shi da raba kalmar da ya kamata a haɗe, da haɗe wadda ya kamata a raba, da rashin ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ. Ga kuma ɗabi'ar jan labari zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku har da na huɗu domin kuɗi, alhali abin da ke ciki bai wuce littafi guda ba. Sauran zargin biyu kuwa ba su raba na da da na zamani kamar yadda ake zato. Jiki Magayi labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, ya tafi neman hanyar ramuwa. Wannan jigo ne da Kano ta sake juyawa sau ɗari bayan shekara sittin. Batun aro kuma, Magana Jari Ce ta ɗebo daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai, Ruwan Bagaja kuma ya amfana da Maƙamatul Hariri. Abin da ya ɗaga Imam shi ne yadda ya sa wa baƙon labari riga da hula har ya zama ɗan gari. Da wannan ma'auni ya kamata a auna marubucin da ya ɗauko daga Indiya: an narkar da abin da aka aro, ko an ajiye shi ɗanye?

Idan aka yi wannan awo da adalci, wasu littattafan zamani za su zauna kusa da na da ba tare da jin kunya ba. Alhaki Kwikwiyo Ne, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara bayan ya yi amarya, ya nuna cikin gidan Bahaushe yadda babu littafin Zariya da ya nuna shi. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012. Wa Zai Auri Jahila? ya tunkari cire yarinya daga makaranta da auren dole gaba da gaba. 'Yartsana na Ibrahim Sheme ya bi rayuwar karuwanci ba tare da ƙawata ta ba, Mace Mutum na Rahma Abdulmajid kuma ya taɓo bauta da matsayin mace. Akwai kuma tarin da ba su cancanci karatu na biyu ba. Haka kowane adabi yake. Na da ma an sami waɗanda suka mutu tun a zamaninsu, ba a ko tuna sunansu.

Hanyar da aka bi a baya wajen tantancewa ita ce tsoratarwa. A 2007 an ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya Hukumar Tace Finafinai ta nemi marubuta su yi rajista. Tacewa irin wannan tana iya cewa ga abin da ba a so, amma ba ta taɓa gaya wa yarinya 'yar aji uku ga littafin da zai amfane ta ba. Wannan aikin ma'aikacin ɗakin karatu ne.

Abu na farko da hukumar za ta iya yi shi ne tarawa. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku, amma akasarin littattafan Kano ba su bi ta wannan hanya ba. Da yawa ba su da lambar ISBN, wasu ko shekarar bugu babu a jikinsu, kuma takardarsu mai saurin ruɓewa ce. Sanannen kundin sunayensu na shekarun 1987 zuwa 2002 Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess ne suka haɗa shi, aka buga a Jamus a 2004. Abin a duba ne a ce mai binciken littafin da aka rubuta a Fagge ko Gwammaja ya fi saurin samunsa a Turai. Ɗakin Karatu na Murtala Muhammed shi ne mazaunin da ya dace da cikakken tarin waɗannan littattafai, balle ma ɗaya daga cikin manyan marubutansu, Balaraba Ramat, ƙanwar mai sunan ce. Marubutan farko da dama suna raye, tsofaffin 'yan kasuwar littafi da masu shagunan haya suna da ragowar kaya a buhuna. Bayan wasu shekaru ba lallai a same su ba.

Na da kuma buƙatarsu sake bugu ne. Ban da waɗanda hukumomin jarrabawa ke sawa a manhaja, sauran sai an yi yawon kasuwa, kuma abin da ake samu sau da yawa bugun sata ne mai dusasshen rubutu da shafuka a juye. Hukumar ba maɗaba'a ba ce, amma babban mai saye ce. Idan ta yi alkawarin sayen adadi mai kauri domin rassanta na ƙananan hukumomi da makarantun sakandare, masu haƙƙin bugu za su sami dalilin komawa kan injin. Wannan ya haɗa da wasannin kwaikwayo irin su Jatau Na Kyallu da Uwar Gulma da Kulɓa Na Ɓarna, da waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu da Imfiraji na Aliyu Namangi, waɗanda matasa da yawa sun san sunansu kawai.

Bayan tarawa sai jagora. Ana nufin ɗan ƙaramin littafi da Hausa, da ake sabuntawa duk shekara, mai ɗauke da sunan littafi da marubuci da shekara, da layi uku ko huɗu kan abin da ya ƙunsa da shekarun wanda ya dace ya karanta. Masu zaɓen su haɗa da malaman Hausa na Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi, da reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, da malaman sakandare, da matan da suka shekara talatin suna karanta littattafan nan, domin sun fi kowa sanin wanda ya yi armashi da wanda aka ja shi don kuɗi. Zai fi amfani a jera littattafan bisa jigo maimakon zamani, yadda wanda ya ji daɗin In Da So Da Ƙauna zai ga Jiki Magayi da So Aljannar Duniya a gefensa, wanda ya gama Shaihu Umar kuma ya ga Mace Mutum. Mai karatu da ya shigo ta ƙofa ɗaya sai ya fita ta ɗayar.

Saura rubutun waya. Kasuwar littafin takarda ta ja baya sosai, marubuta da yawa sun koma WhatsApp da Facebook da Wattpad, inda ake sakin labari shafi-shafi, mai so ya biya ta banki a sa shi a zaure. A nan babu edita ko na sunan, Ingausa ta yi yawa, kuma akwai na batsa da ke yawo a wayoyin yara. A nan ne kuma sababbin marubuta masu hazaƙa suke, kamar yadda gasar Hikayata ta BBC Hausa ta nuna tun da aka fara ta a 2016. Labarin da ke waya yana ɓacewa ranar da aka rufe zaure ko waya ta lalace. Hukumar na iya buɗe rajista ta son rai, marubuci ya kawo kammalallen labarinsa a ajiye da sunansa da kwanan wata, wanda hakan zai zame masa hujja idan an yi masa sata, waɗanda suka yi fice kuma a shigar da su jagorar shekara tare da na takarda.