Ku bar Shata ya kwanta

Jama'a, wannan sabon salon na ɗaukar muryar mawaƙin da ya rasu a sa kwamfuta ta "ƙarasa" masa waƙa, ni dai ban yarda da shi ba. Har nan Kiyako za ka ji ana turawa a waya, wai waƙar da Shata bai gama ba.

Wace waƙa? Shata ya rasu 1999, kuma ba rubutawa yake yi ba. Nan take yake ƙirƙira, kalangu na tashi, 'yan amshi na karɓa. To ina ragowar da kuka tsinta?

Ƙarasa aikin mamaci ba laifi ba ne. Tafsirin Jalalaini da malamanmu ke karantawa duk azumi, daga Birnin Kudu har Gwaram, ai haka ya samu. Mahalli ya yi daga Kahfi zuwa Nasi da Fatiha, ya rasu, Suyuɗi ya yi daga Baƙara zuwa Isra'i. Amma fa ya faɗa, kowa ya san inda hannun wani ya tsaya.

Turawa kuwa sun ɗanɗana ɗaya hanyar. Mozart ya mutu 1791 ya bar Requiem a rabi, Süssmayr ya ƙarasa, aka miƙa da sa hannun Mozart na jabu. Har yau masana na jayayya kan wa ya rubuta me.

Mai son ɗorawa ya yi da muryarsa, ya sa sunansa, ya nemi izinin iyalan mamacin. In ba haka ba, gobe lokacin zaɓe za ku ji Shata na wasa ɗan takarar da bai taɓa gani ba.