Nawa Ake Kashewa Kafin Banki Ya Maido da Abin da Ya Cire?

Duk wanda ya koka cewa banki ya zaftare masa kuɗi, amsa ɗaya yake samu: je ka kai ƙorafi, haƙƙinka ne. Babban Bankin Najeriya (CBN) ma haka yake faɗa. Na yarda haƙƙi ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa ba da shawarar kamar zuwan kyauta ne, alhali duk mai shago ya san barin shago da safe asara ce mai lissafi.

Da farko dai, mafi yawan cire-ciren da ke tayar wa mutane hankali doka ce ta halatta su. Kundin caje-cajen da CBN ya fitar, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, ya ba banki damar karɓar naira 10 a taransfa ta ƙasa da naira 5,000, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 a abin da ya haura haka. A ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, shi ya sa ake ganin 10.75 da 26.88 da 53.75 a alat. Naira 50 da ake yanka a kan kuɗin da ya kai 10,000 kuwa haraji ne na gwamnati, banki karɓa kawai yake yi. Saƙon alat ya tashi daga naira 4 zuwa 6 a 2025 bayan ƙarin kuɗin kiran waya, kuma daga 1 ga Maris na shekarar aka soke cire kuɗi sau uku kyauta a ATM na wani banki, aka sa naira 100 a kan kowace 20,000. Wanda ya hau adaidaita ya je banki saboda ɗaya daga cikin waɗannan, bayani za a yi masa cikin ladabi ya dawo hannu rabbana.

To, a ce cajin na kuskure ne. Misali kuɗin kula da kati: naira 50 duk wata uku, kuma a asusun ajiya kaɗai kundin ya yarda a cire shi, ban da asusun karent. Idan an cire maka a karent shekara guda, naira 200 kake bi. Kuɗin mota zuwa da dawowa, tun bayan janye tallafin mai a 2023, ya ninka wannan a kusan kowane gari. Idan ka nemi a buga maka bayanan asusu na musamman, ana iya karɓar har naira 20 a kowane shafi. Sai layi, sai "ranka ya daɗe, netwok ba kyau, a dawo gobe". Akwai kuma ƙananan hukumomi a Arewa da ba su da reshen banki ko ɗaya, mutanensu sai sun yi tafiyar yini. Sannan takardar ƙorafin da Turanci ake rubuta ta, wanda ya yi karatun allo da ajami sai ya nemi mai rubuta masa, wato ya buɗe wa wani sirrin asusunsa. Wannan na ƙarshe ba shi da farashi a takarda, amma ga ɗan kasuwa yana da nauyi ƙwarai.

Ƙa'idar da kanta ba ta da laifi. Kana kai kuka wajibi ne banki ya ba ka lambar bin sawu. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, ko kwana 30 a batun cajin da ya wuce kima, sai ka ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN. Tarar saɓa wa kundin naira miliyan 2 ce a kowane laifi. Matsalar ita ce tarar ba ta motsi sai wani ya motsa ta. Naira 50 a wurin mutum ɗaya ba ta kai kuɗin mota ba, amma idan aka cire ta a asusu miliyan ɗaya ta zama naira miliyan 50. Bankin da ya yi kuskure, ko ya yi ganganci, ya san ƙalilan ne za su zo. Na'urarsa ce ta cire kuɗin cikin ƙiftawar ido, kuma na'urar nan za ta iya gano duk wanda aka cire wa ta maido masa ba tare da ya taka ƙafa ba. Ɗora wa talaka aikin bincike zalunci ne, ko da kowane mataki yana rubuce a doka.

Inda lissafin yake juyewa shi ne kuɗin kula da asusun karent, kuma a nan nake so 'yan Kantin Kwari da Singa da Dawanau su saurara. A da ana kiransa COT, naira 5 a kowace 1,000. CBN ya riƙa rage shi daga 2013 da niyyar ya ƙare a 2016, sai kuma a Janairun shekarar ya dawo da sabon suna, naira 1 a kowace 1,000. Ɗan kasuwar da ke fitar da naira miliyan 10 a wata yana biyan 10,000, da VAT ya zama 10,750, a shekara 129,000. Wannan ya isa a rufe shago a je. Abubuwa biyu ne mutane da yawa ba a gaya musu ba. Naira 1 ɗin iyaka ce ta sama, ana ciniki a kanta, kuma mai juya kuɗi da yawa yana da bakin magana, domin banki ba ya son ya tafi. Sannan ana lissafa ta ne kawai a kan kuɗin da kai ka fitar zuwa ga wani, ko zuwa asusunka na wani banki. Ba ta hawa kan kuɗin da ya shigo, ba ta hawa kan cajin da banki ya cire da kansa. A nan ne kuskure ke taruwa ya yi tsoka.

Don haka ni dai ba na ce wa kowa ya ruga banki duk lokacin da alat ya shigo. Wa'adin kai ƙorafi shekara 6 ne daga ranar da abin ya faru, babu gaggawa. A bar ƙananan su taru, a nemi bayanan asusu ta imel ko manhajar waya, a zauna da yaron shago mai ido a kan lissafi a tankaɗe su sau ɗaya a shekara, a aika kuka a rubuce, kuma kada a bar wurin ma'aikacin sai da lambar bin sawu a hannu. Amma ba ƙorafin ɗaiɗaiku ne ya taɓa sauke caji a ƙasar nan ba. Harajin tsaron intanet na kashi 0.5 cikin ɗari da CBN ya umarci bankuna su fara cirewa a Mayun 2024, hayaniyar ƙungiyar ƙwadago da 'yan majalisa da jama'a ce ta sa aka dakatar da shi a cikin watan. Ƙungiyoyin kasuwanninmu suna da shugabanni da ofisoshi da lauyoyi. Za su iya tattara bayanan asusun mambobi ɗari su ɗauki akanta ɗaya ya duba, su kuma zauna da manajan reshe su yi cinikin naira 1 ɗin nan a madadin kowa.