Wa zai biya makaɗin da bai wasa kowa ba?

A birnin Landan na ƙasar Ingila akwai wani zaman kiɗa da ake yi ranar Lahadi tun shekarar 1887. Wata ƙungiya ta unguwar South Place ce ta ɗauki nauyinsa, a 1929 ya koma zauren Conway Hall, kuma har yau ana yi. Makaɗan kan kasance huɗu ko biyar: goge biyu ƙanana, ɗaya matsakaici, ɗaya babba mai kaurin murya, wani lokaci da fiyano. Babu kirari, babu liƙi, babu rawa. Tun kafin damanar kiɗan ta kama ake buga jadawali, kowa ya san ranar da za a kaɗa Haydn da ranar da za a kaɗa Beethoven.

Da zarar an ambaci irin wannan zama sai wasu ƴan bokonmu su taɓe baki, su ce kiɗan masu ƙoshi ne, ina ruwan Nijar. To, su koma ga tarihi. A shekarun farko kyauta ake shiga, a zagaya da faranti, domin leburori da akawuna aka shirya abin. Mutum guda, Alfred Clements, ya riƙe shi daga 1887 zuwa 1938.

Asalin kiɗan nan kuwa kiɗan fada ne, kamar kakaki da algaita da tambari a fadar Damagaram ko ta Katsinan Maraɗi. Haydn ya yi shekara kusan 30 yana bara a gidan sarautar Esterhazy, sanye da tufafin bayin gida. Da ƙarfin fadojin Turai ya ragu, ƴan kasuwa da ma'aikata suka karɓi nauyin. A Biyana sun kafa ƙungiyar masoya kiɗa a 1812, a wasu birane ma aka yi haka, kowane mamba yana zuba kuɗin shekara. Da haka makaɗi ya daina dogara ga fara'ar mutum ɗaya.

Mu fa? Makaɗinmu ya bar ƙofar sarki ya koma ƙofar alhaji, bayan taron ƙasa na 1991 kuma ya ƙara da ƙofar jam'iyya. Abincinsa yabo ne da zambo. Attajiri zai watsa jika 500 a dare guda don an ambaci kakansa, amma a ce ya ba da jika 2 a wata don a zauna a saurari gurmi ko molo ba tare da an kira sunansa ba, sai ya ce kasuwa ba ta tafiya. Bayan haka shi ne zai fara kiran makaɗi maroƙi. Wa ya mayar da shi maroƙin?

Ma'aikatan gwamnati su ma ba su kuɓuta ba. Amsarsu kullum ita ce aikin ma'aikatar al'adu ne. An kafa gasar Ɗan Gurmu a 1987, an buɗe cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai a 1989 da tallafin Turai. Madalla. Sai dai gasa ƴan kwanaki ce, cibiya kuma ba ta haifar da masu sauraro. Ku dubi biram, kayan kiɗan Buduma na tafkin Cadi mai tsirkiya biyar. Sai da UNESCO ta ba Mamman Barka tallafi a 2002 kafin ya je ya koya wajen tsoho Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe. Barka ya kai biram dandalin Turai, ya rasu a 2018. Sau nawa Maraɗi ko Tawa suka gayyace shi, suka sayi tikiti, suka yi shiru suka saurara?

Lissafin ba shi da wuya. Mutum 200, kowa jika 2 a wata, ya kama miliyan 4 da jika 800 na sefa a shekara. Wannan ya isa a shirya zama 10 a gidan samari da al'adu, a biya kowane makaɗi bisa yarjejeniya a rubuce, a ɗauki sautin a adana, a ware kaso ga almajirin da ke koyo. Sharaɗi uku ne: a buga jadawali tun farko, a karanta rahoton kuɗi a bainar mambobi, a hana liƙi da tutar jam'iyya a zauren.

Ba mu ce a sayo goge daga Biyana ba. Namu na nan rataye, ƙura na cin sa. Tsarin muke so a ara. Attajiran da suka iya haɗa adashi da kamfanin jigila ba za su ce ƙungiyar mutum 200 ta gagare su ba. In sun ƙi, to ranar da mai gurmi na ƙarshe ya kwanta dama, kada kowa ya zo ya ɗora wa Turawa ko gwamnati laifi.