WAI RAGUWA CE DON TA ƘERA GADON JIJJIGA?

A gidan suna aka yi maganar, muna zaune a tsakar gida ana ta rabon tuwo. Wata ta nuna mana hoton wani gadon jarirai a waya, wai shi da kansa yake jijjiga yaro har ya yi barci. Sai wata dattijuwa ta taɓe baki ta ce, "Lalacewa ke nan, macen da ta kasa rarrashin ɗanta ai raguwa ce." Aka kwashe da shewa. To ni dai ban yi dariya ba, har yau kuma maganar tana ci mini rai.

'Yar uwa, kin san wadda ake zagin? Sunanta Radhika Patil, 'yar Indiya ce, injiniyar kayan lantarki, ta yi aiki a kamfanin Qualcomm masu ƙera ƙwaƙwalwar wayar hannu. Mijinta Bharath shi ma injiniya ne. Da suka haihu barci ya gagare su, sai suka haɗa kai suka ƙera gadon da suka kira Cradlewise. Kyamara ce a jikinsa tana lura da jariri, da zarar ya fara mutsu-mutsu, tun kafin ya tsanyara kuka, sai gadon ya shiga jijjiga shi a hankali yana fitar da sauti mai taushi. Don Allah ina ragwanci a nan?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su Iya a babban gida suka yi renonsu, ga kaka, ga facaloli, ga 'yan yara masu karɓar goyo. Ke kuwa kina gama arba'in kika dawo ɗaki ke kaɗai. Ƙarfe biyun dare yaro yana canyara, maigida ya juya wa bango fuska, ko ya ɗauki filo ya koma falo, da asuba kuma yana jiran koko da ƙosai. Idan kika ce kin gaji sai a ce ba ki da haƙuri. Shi ya sa wata take ɗura wa jinjiri maganin mura don ya yi barci, ba likitan da ya rubuta mata. Wannan shi ne abin tsoron, amma ban taɓa jin an taɓe baki a kansa a gidan suna ba.

Ba cewa nake ki je ki saya ba. Kuɗinsa ya haura dala 1,000, ga halin wutarmu kin sani. Kuma ba kowane abin kwantar da yaro ne abin yarda ba, a 2019 kamfanin Fisher-Price na Amurka ya janye wata kujerar barcin jarirai, guda miliyan 4.7, bayan yara fiye da 30 sun rasu a cikinta. Goyonmu ma ba abin rainawa ba ne. A 2022 masu bincike a Japan sun nuna cewa ɗaukar jariri a yi ta tafiya da shi na minti 5 yana tsayar da kuka, sannan a zauna da shi minti 5 zuwa 8 kafin a kwantar. Zani da majanyi sun daɗe da sanin haka. Sai dai bayan nan na mutum ne, mutum kuwa yana gajiya.

Af, na manta ban gaya miki ba. Dattijuwar nan ita ce ta sa aka cire jikarta daga aji biyar na sakandare, wai karatun mace a kicin yake ƙarewa. Yarinyar ita ce ta ɗaya a lissafi a ajinsu. Ranar sunan tana gefe da ɗanta a kafaɗa, idonta ya yi jajur.