Tayar Babur: Ƙarko Ko Kama Hanya?

'Yan'uwa masu babur a kwalejin nan, in za ku sayi taya ba ku tambayar kome sai, "Za ta daɗe?" Ni dai ban ga hikimar wannan ba. Roba mai tauri ita ke ƙarko, amma a kan kwana, balle kwalta ta jiƙe da damina, santsi gare ta. Mai laushi takan cinye da wuri, amma tana kama ƙasa. Ga shi kuwa wurin da taya ke taɓa hanya bai kai tafin hannu ba.

In kuɗi sun gaza, a sa mai laushin a gaba, gama in ta gaba ta zame, sai faɗuwa. A kuma duba lambobi huɗu a gefenta: 2321 shi ne mako na 23 na 2021. Tsohuwar roba takan ƙeƙashe ko da zanenta bai goge ba.